Camry 2.2 tana jijjiga a silo da baƙin hayaƙi: a sauke inji ko akwai abin dubawa tukuna?

Baban Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota a cikinku kafin in kashe kuɗin da ba ni da su. Camry ce ƙirar 1999, inji 2.2, mai fulogi huɗu, tokumbo daga Amurka. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Agege da Mile 12, da ita kuma ake kai yara makaranta. Tun farkon damina ta canza hali. Da safe bugu ɗaya take tashi, ba gardama. Amma da na shiga cunkoson Ojota zuwa Ketu na tsaya, sai ta kama jijjiga har sitiyari na rawa a hannuna. In na ba ta wuta sai ta ɗan shaƙe kafin ta ɗauka, bayanta kuma baƙin hayaƙi da warin ɗanyen fetur. Man da nake sha ya kai ni mako yanzu ko kusa ba ya zuwa.

An canza fulogi, sababbin ma sun yi baƙi ƙirin. An wanke nozul, masu fesa fetur cikin inji. An sa sabuwar matatar iska. Yanzu bakaniken ya ce ringin fistan ne, sai an sauke inji. Wani kuma ya ce ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ce ta lalace, a sayo wata. Maganar wa zan ɗauka?

Na-Ketu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, canza gidan mai kawai ka gani. Ko ka manta Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima, motoci suka yi ta mutuwa a Legas da Abuja? Ga damina kuma, ruwa na shiga tankunan ƙasa na wasu gidajen man.

Baban Sadiya, Agege:
Na canza, Na-Ketu. Duk inda na sha, halin ɗaya ne.

Rewaya, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Mai da ruwa a ciki yankewa yake sa mota, ta yi tari, ta mutu. Ba ya sa fulogi ya yi baƙi, kuma ba ya bin mota daga wannan gidan mai zuwa wancan. A ajiye wannan.

Kafin in ce komai ina so ka duba mini wasu abubuwa da idonka, ba da bakin bakanike ba. Hayaƙin nan baƙi ne ko mai shuɗi-shuɗi? Fulogan da aka cire, duk huɗun kamanninsu ɗaya, kuma baƙin busasshe ne ko mai maiƙo? Baƙin mai yana raguwa tsakanin sabis da sabis? In ka murɗa makulli ba ka tayar ba, fitilar cek, mai gargaɗin matsalar inji, tana kamawa tare da sauran fitilu? Sannan allurar zafi, ina take tsayawa, kuma yaushe fanka take fara juyawa?

Baban Sadiya, Agege:
Malam, ga abin da na gani. Hayaƙin baƙi ne. Tsofaffin fulogan suna cikin but ɗin motar, na ɗauko su: uku baƙinsu busasshe ne, yana gogewa a yatsa. Ɗaya, na uku daga wajen bel, jiƙe yake, har jikinsa ta waje akwai baƙin mai. Baƙin mai ba ya raguwa, yau ma da na zaro sandar sai na ga ya ɗan wuce alama, kuma yana warin fetur. Fitilar cek tunda na sayi motar ban taɓa ganinta ba. Allurar zafi da ƙyar take ɗagawa daga ƙasa, in na hau Third Mainland da sassafe hanya a buɗe sai ta koma ta kwanta gaba ɗaya. Ni da ina murna ne mota ba ta zafi. Fanka kuwa tun da na sayi motar, da na murɗa makulli take tashi. Wani abu kuma, a tsaye allurar gudun inji tana sama da 1,000, amma duk da haka tana jijjiga.

Rewaya, Idi-Araba:
To don Allah kada ka bari kowa ya kwance maka injin nan. Motar da ringinta ya mutu baƙin mai take sha, hayaƙinta shuɗi, fuloginta mai maiƙo a baki. Taka baƙin mai ƙaruwa yake yi, saboda fetur ya yi yawa har yana gangarawa ta jikin silinda yana shiga cikinsa. Wannan ba ciwon ringi ba ne, amma in aka bar shi haka shi zai kashe ringin, don fetur wanke maiƙon jikin silinda yake yi.

Inji yana son iska da fetur a kan ma'auni, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a nauyi. Lokaci ɗaya ne ƙwaƙwalwar mota take ƙara fetur da gangan ta kuma ɗaga silo, wato gudun inji a tsaye: in ta ga inji da sanyi. Duk abin da ka lissafa yana nuna motarka ta ɗauka har yanzu asuba ce ba a gama ɗumama ba, ko da kun yi awa a hanya. Ina da yaƙinin in aka buɗe inda tamostat yake, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, za a tarar babu shi. An cire, an mayar da fanka dairek. Fitilar cek kuma ko ta ƙone ko an zare ƙwan. Ke nan motar ta daɗe tana ƙorafi ba mai ji.

Bakanike, Alaba Rago:
Malam Rewaya, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. Tamostat na ƙasar sanyi ne. Turawa sun sa shi saboda ƙanƙara. Mu nan Legas mota za ta tsaya awa biyu a hanyar Apapa tsakanin tireloli, rana na dukanta, ina ruwanta da abin ƙara zafi? Ni da hannuna na cire wa motoci da yawa, masu su suna gode mini. Na kuma ga injin da tamostat ya maƙale a rufe, ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe. Wanne ya fi tsada, ɗan ƙarin mai ko sabon inji?

Rewaya, Idi-Araba:
Oga, abin da ka gani gaskiya ne, tamostat yana maƙalewa. Amma maganin wanda ya maƙale shi ne a sa mai kyau. Kuma ba ya ƙara wa inji zafi. Rufe ruwa yake yi har inji ya kai wajen digiri 82, daga nan ya buɗe. In mota na cunkoson Apapa a buɗe yake gaba ɗaya, akwai shi da babu shi kusan ɗaya ne a lokacin. Motar da take tafasa a cunkoso, lagireto ne ya toshe, ko fanka ta mutu, ko murfin lagireto ba ya riƙe matsi, ko famfon ruwa ya cinye. Sai a cire tamostat a ɓoye ciwon, ciwon yana nan.

Toyota tana sayar da motoci a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi namu nesa ba kusa ba, kuma da tamostat ɗinsu suke tafiya.

Maganar "ɗan ƙarin mai" kuma, kafin 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, mutum na iya kawar da kai. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Yanzu ba ɗan ƙari ba ne, abincin gida ne yake fita ta salansa.

Bakanike, Alaba Rago:
Saudiyya suna samun kaya na asali. Mu me ake kawo mana? Ka sa sabon tamostat yau, ba ka san ranar da zai ci amanarka ba.

Kawu Direba, Agege:
Salamu alaikum yara. Na karanta duka. Ni zamanin Peugeot 504 na yi tuƙi, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, Legas zuwa Kano ta Ilorin da Jebba da Mokwa. Ba kwamfuta, ba sensa, kabureta ce Solex da kwantak. Amma ciwon da Baban Sadiya ya faɗa na san shi sarai. A 504 in ka ga baƙin hayaƙi da warin fetur, ko cok, mai ƙara fetur in inji da sanyi, ne ya maƙale bai koma ba, ko allurar fulot ba ta rufewa mai yana ambaliya, ko matatar iska ta cika da ƙurar hanya. Abin da Rewaya yake faɗa, in na fahimta, cok ɗin motar yanzu ne ya maƙale, sai dai nata ba waya ake ja ba, na'ura ce take ja mata.

Ku dubi risho. In wutarsa shuɗiya ce, tukunya fes. In ta koma ja, iska ta yi kaɗan kananzir ya yi yawa, gindin tukunya ya yi baƙi, kananzir kuma ya ƙare da wuri. Gindin tukunyar mota shi ne fulogi.

Amma abu ɗaya iyayen gidanmu suka koya mana: kada ka taɓa kabureta sai ka tabbatar da wuta. Yaro ya zo ya kama murɗa sukurun kabureta alhali kwantak ne ya cinye, sai ya ɓata biyu. Fulogin nan na uku da ya ce jiƙe yake, kada ku bar shi a baya kuna ta rigimar tamostat. Jijjigar daga can take.

Rewaya, Idi-Araba:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Wannan gyara ne mai kyau, kuma can zan zo.

Ɗan Injiniya, Yaba:
Ina wuni Kawu, ina wuni manya. Ni ƙarami ne a nan, amma ina da ƙari a kan maganar Malam Rewaya, kuma ta wani gefen ina ganin Oga na Alaba Rago yana da hujja. Rashin tamostat shi kaɗai yana ƙara shan mai, amma da wuya ya kai ga baƙin hayaƙi irin wannan. Motoci nawa ne a Legas suke yawo ba tamostat ba sa hayaƙi? Ko babu shi ruwa yana kaiwa digiri 55 ko 60, kuma a nan ƙwaƙwalwar ta riga ta fara sauraron sensar iskar salansa tana rage mai. Kuma Alhaji ya ce fankarsa tun da haka take, ciwon kuwa da damina ya fara. Akwai abin da ya ƙaru.

Ni sensar zafin ruwa nake zargi, ko soket ɗinta. A injin nan, 5S-FE, sensar da take gaya wa ƙwaƙwalwa zafi daban take da wadda take motsa allura a gaban direba. Ta ƙwaƙwalwar waya biyu gare ta. In an auna ta da mita, a digiri 20 tana ba da om 2,000 zuwa 3,000, a digiri 80 kuma ta sauko zuwa 200 zuwa 400. Wato sanyi shi ne babban adadi. In danshi ya shiga soket ya yi tsatsa, adadin ƙaruwa yake yi, sai ƙwaƙwalwa ta ga sanyin da babu shi. Abin da ya sa wannan yake wahalar da mutane, in wayar ta tsinke gaba ɗaya motar za ta gane ta ba da lambar P0115. In tsatsa ce kawai, adadin yana cikin abin da zai yiwu, sai ta yarda da ƙaryar ta yi ta zuba mai.

Ga kuma abin da Kawu ya taɓo. Silindar da ba ta cin wuta tana tura iskar da ba ta ƙone ba cikin salansa. Sensar salansa iska take gani, ba ta ganin fetur. Sai ta kai rahoto cewa mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara wa duk huɗun. Fulogi ɗaya mara wuta yana iya baƙanta sauran ukun.

Bakanike, Alaba Rago:
Kun ji ko? Yaron nan ma ya ce ba tamostat ba ne.

Ɗan Injiniya, Yaba:
Oga, cewa na yi ba shi kaɗai ba ne. Amma ni ma mayar da shi zan ce a yi. Injin da ba ya ɗumama ba ya ƙone danshi da fetur ɗin da suka shiga baƙin mai, shi ne kake buɗe murfi ka ga laka.

Maman Ihsan, Obalende:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma irin motar ce gare ni, ta maigidana ce Allah ya ji ƙansa, yanzu ni nake ja. Ni tsorona ɗaya ne: in tsaya a kan gada da yara, tururi na tashi daga bonet, ba wanda zai tsaya mini. Shi ya sa da aka ce a mayar da fanka dairek ban yi musu ba. Yanzu in aka mayar da tamostat, allura za ta hau tsakiya. Ta yaya zan san tsakiyar lafiya ce ba hanyar tafasa ba?

Rewaya, Idi-Araba:
Allah ya ji ƙansa, Hajiya. Tsoronki a kan hanya yake. Tsakiya, ko ƙasa da ita kaɗan, nan ne gidan allurar. Alamar lafiya ita ce ta hau can cikin 'yan mintuna ta tsaya cak, ko a cunkoso ko a kan gada. In tana hawa a cunkoso tana sauka a buɗaɗɗiyar hanya, fanka ko lagireto ne. In tana hawa a buɗaɗɗiyar hanya, lagireto ya toshe ko ruwa ya yi kaɗan.

Kuma ba a mayar da tamostat haka kawai a sallami mutum. A fara wanke lagireto, a duba murfinsa, a zuba ruwan lagireto na gora ba ruwan rijiya ba, a fitar da iska. Sannan a bar motar a tsaye tana aiki, kina wurin, har ki ji fanka ta tashi da kanta in zafi ya haura 90, ta kuma tsaya da kanta. In ba ki ga wannan ba kada ki karɓi makulli. A irin motarku sau da yawa ba ma waya aka ja ba, soket ɗin makunnin fanka aka zare, don in an zare shi fanka juyawa take yi ba tsayawa.

Maganar jabun kaya da Oga ya kawo, akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A saka tamostat ɗin a tukunya da ruwa a ɗora a wuta. Kafin ruwan ya tafasa za a ga ya buɗe, in ya huce ya rufe. Wanda bai yi haka ba a mayar wa mai shi. Kuma don Allah kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji da zafi.

Maman Ihsan, Obalende:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Zan sa ƙanena ya raka ni.

Na-Ketu:
Duk wannan dogon bayani, a kai ta a sa mata kwamfuta mana a huta.

Bakanike, Alaba Rago:
Masu kwamfutar nan su ne suka fi kowa sa mutane asara. Ya jona, ya karanto lamba, ya ce sayo sensa. Ka sayo, ciwo na nan. Ya ce sayo wata.

Rewaya, Idi-Araba:
A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari, Oga. Lamba ba ta cewa "canza wannan", cewa take "ga inda na ga abu ba daidai ba". P0172 ma'anarta mai ya yi yawa. Ba ta faɗi dalili ba. Mutum ya ga haka ya sayo sensar salansa, alhali ita gaskiya ta faɗa.

Baban Sadiya, tunda motarka ta Amurka ce kuma ta wuce 1996, tana da soket ɗin OBD2 a ƙasan sitiyari. Ka nemi mai na'urar da take nuna adadi inji na aiki, ba mai karanta lamba kawai ba. Ka kwana da motar a wurinsa, ko ya zo gidanka da asuba. Kafin a tayar, a murɗa makulli a karanta zafin ruwa da zafin iskar da take shiga. Motar da ta kwana, dole biyun su zo kusan ɗaya, kusa da zafin gari. In ruwa ya nuna ƙasa da iska sosai, an kama ɓarawon. Gani ya kori ji.

Bayan haka wuta. Injin nan ba shi da distiributa, koyil biyu gare shi, ɗaya na ba 1 da 4, ɗaya na ba 2 da 3. A zaro wayar fulogi ta uku a leƙa ramin. In da baƙin mai a ciki, robar murfin bawul ce ta mutu, mai ya jiƙa wayar, wuta tana tsallakewa ta jikin ƙarfe maimakon ta bakin fulogi. Danshin damina yana ƙara mata. Da dare in ka buɗe bonet a wuri mai duhu kana iya ganin tartsatsin. In ana son sanin wace silinda ce ba ta aiki, kada a fizge wayar fulogi inji na juyawa yadda ake yi wa 504, yana iya kashe koyil kuma yana jan mutum. Soket ɗin nozul ake zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare ba abin da ya canza, ita ce.

Shi kuma mai cewa ringi, a ba shi dama ya tabbatar. A sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Lafiyayyen 5S-FE yana ba da wajen 178 psi, mafi ƙaranci 142, kuma bambancin wata da wata kada ya wuce 14. Aikin minti kaɗan ne. Ƙwaƙwalwa kuwa ita ce ta ƙarshe da ake zargi, sai an gama da kowa.

Bakanike, Alaba Rago:
Ku ƙara da tiyon iska. Tsohuwar mota tiyo yana tsagewa ta sha iska ta gefe.

Ɗan Injiniya, Yaba:
A duba, Oga, amma da bambanci. Wannan injin ba ya auna yawan iska a bakin matata, matsin cikin manifol, bututun da ke raba wa silinda iska, yake aunawa da wata sensa mai ɗan siririn tiyo. Iskar gefe a irinsa ɗaga silo ta fi yi. Amma in ɗan tiyon sensar ne da kansa ya tsage ko ya zare, sai ta ɗauka an taka totur, ta zuba mai sosai, baƙin hayaƙi nan take. Don haka shi ne tiyon farko da za a taɓa. A duba bawul ɗin EGR ma, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, in datti ya hana shi rufewa yana sa jijjiga a tsaye.

Kawu Direba, Agege:
Kuma in za ku fesa abin wanke kabureta ku nemi inda take shan iska, ku yi inji bai yi zafi ba, da abin kashe gobara a kusa. Motar da wayarta ke tartsatsi ba a fesa mata komai sai an gyara wayar.

Baban Sadiya, Agege:
Salamu alaikum. Na dawo da rahoto, Allah ya saka wa kowa. Mai na'ura ya zo gida bayan sallar asuba. Kafin a tayar, iska ta nuna 27, ruwa ya nuna 12. Muka zaga har Ogba muka dawo, tiyon sama da zafi a hannu, na'ura tana cewa 26. Ya zare soket ɗin sensar, cikinsa kore shar. Lambobin da ya samu P0125, wato inji bai ɗumama ba, da P0303, wato silinda ta uku tana yanke wuta. Ramin fulogi na uku baƙin mai ne kwance a ciki, robar wayar ta kumbura ta tsage. Matsi kuma 170, 168, 165, 172. Da aka kwance wajen tamostat, wayam. Ƙwan fitilar cek babu shi.

Na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo da ƙanen matata da ya san wurin. An sa wani soket da sensa, tamostat mun dafa shi a gida ya buɗe kafin a ɗaura, an canza robar murfin bawul da wayoyi da fulogi, an mayar da soket ɗin fanka, an sa ƙwan fitila, an zubar da baƙin man nan mai warin fetur. Hayaƙi ya ɗauke. Silo ya sauko wajen 750. Allura tana tsayawa ƙasa da tsakiya kaɗan, na kuma ji fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Mai ban gama aunawa ba, amma allurarsa ba ta gudu kamar da.

Saura abu biyu. In na kunna AC ina kan giya a tsaye, har yanzu akwai 'yar jijjiga. Kuma jiya fitilar cek ta kama.

Bakanike, Alaba Rago:
Alhamdu lillahi da ba a sauke inji ba, wannan na yarda kuskure ne da an yi. Amma ka ga soket ne da waya. Tamostat ɗin nan ni dai ina nan a kan bakana, a bari watan Maris ya zo da zafinsa mu gani. Ka riƙa kallon allurarka, Alhaji. Jijjigar AC kuma ka duba kujerun inji, musamman na gaba da wanda yake sama ta wajen bel. In robarsu ta fashe ko inji lafiya lau sai ka ji shi a sitiyari.

Rewaya, Idi-Araba:
Kujerun inji magana ce, a duba. In allurar gudun inji tana faɗuwa ƙasa sosai lokacin da AC ya kama, to bawul ɗin silo ne da yake ƙarƙashin maƙogwaron totur, hayaƙin da ta daɗe tana yi ya cika shi da datti, wankewa yake so. In allurar ba ta motsa ba amma jiki na rawa, maganar Oga ce.

Fitilar kuma kada ka tsorata, kada kuma ka bari a sake zare ta. In a tsaye take ba ƙiftawa ba, kana iya tafiya har ka kai wurin mai na'ura. In tana ƙiftawa, wata silinda ce take yanke wuta, ka rage gudu ka nemi wuri. Zato na sensar salansa ce ta sha baƙi ta yi nauyi, ko indomin, wato matatar hayaƙi ta cikin salansa, ya gaji da ɗanyen fetur, in ma yana nan ba a fasa an cire ba. A karanto lambar tukuna.

Ɗan Injiniya, Yaba:
In ta kai ga sayen sensar salansa, Alhaji, ka duba takardar da take manne a cikin bonet. Camry na shekarun nan da aka yi wa jihar Kalifoniya sensar gabansu daban ce da ta sauran, suna kama a ido amma ba sa aikin juna. Ka je da lambar da take jikin tsohuwar. Kuma ka ce wa mai na'urar ya nuna maka adadin gyaran mai na dogon lokaci bayan inji ya ɗumama. In yana tsakanin kashi 10 cikin ɗari ƙasa da kashi 10 sama, ma'aunin ya daidaita.

Maman Ihsan, Obalende:
Baban Sadiya, don Allah in ka karanto lambar ka sanar da mu. Tawa ma na duba yau, fitilar ba ta kamawa in an murɗa makulli.

Baban Sadiya, Agege:
In sha Allahu, Hajiya. Ranar Asabar zai zo. Malam Rewaya, wankin bawul ɗin silon nan sai an kwance maƙogwaron gaba ɗaya, ko ana iya yi a jikin mota?

Rewaya, Idi-Araba:
A kwance shi ya fi, don tiyon ruwa biyu ne suke shiga wurin kuma sukurorinsa suna saurin cinyewa. A jira inji ya huce, a tanadi sabon gasket kafin a fara, kuma kada a fesa komai a ɓangaren da soket yake. In an ɗaura a ƙara ruwan da ya zube.